Gadon Masu Wushirya

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Baba kuwa ki durƙusa ki gaishe min da shi da kyau, ki ɗaga murya, tunda kunnen nan nasa ya hana mu waya ya mayar da mu rubuta takarda kamar mutanen da. Mu nan lafiya lau, sai zafi da aiki.

Takardarki ta same ni a gidan burodi ina tsaka da kwaɓi, direba ya miƙo min ita, duk na ɓata ta da fulawa. Na buɗe da ɗoki ina cewa bari in ji labarin gida, ashe labarinki ne daga sama har ƙasa. Kin je gwajin sukari, Baba ya raka ki, ya zauna a benci yana addu'a har aka kira ki, sakamako ya fito lafiya ƙalau, ya yi hamdala har da ƙwalla. To, barka. Wannan karo na nawa ke nan? Tun kina firamare ake kai ki ana huda miki yatsa, ba a taɓa samun komai ba, amma kullum sai an yi kamar daga bakin kabari aka janyo ki. Mutumin da likita ya ce ya rage yawo saboda ƙafarsa, shi ne ya hau mota ya bi ki asibiti. Ni da na haifi ɗana na biyu, har aiki aka yi min, saƙon sannu ya aiko.

Ba sai kin faɗa min dalili ba, na haddace shi. Ke ce mai wushirya. Kaka mai wushirya ce, sukari ya kama ta. Baba da Baffa masu wushirya ne, ya kama su, har Baffa ya rasa ƙafa ɗaya. Shi ke nan aka yanke hukunci a gidanmu cewa ciwon nan wushirya yake bi. Ke kuma kika fito da ita, kika haɗa da dogayen yatsun Baba da irin tafiyarsa, har yake kiranki Uwata. Ni na ɗauko Mama, Allah ya jiƙanta, gajera mai haƙora a jere kamar ƙwayar masara, don haka ba wanda ya taɓa taɓa goshina ya ce ko lafiya.

Safar da na aiko masa, mai laushin nan marar roba da aka ce ita ta dace da masu sukari, yana sawa kuwa? Ban ga kin ambace ta ba. Hular da kika saƙa masa dai na ga ta fito har sau biyu a takardar.

Ni dai ga ni nan. Sabon tanderun da aka sa mana akwai wuta, ruwa nake ɗirka kamar raƙumi. Jarka guda nake ajiyewa gefen tebur, kafin azahar na ga bayanta. Abin da ya shiga kuma dole ya fita, har 'yan wurin aiki sun raɗa min suna Mai Zarya, saboda hanyar banɗaki da na mayar tawa. Amma akwai labari mai daɗi, na faɗa, ƙiba ta zube! Rigar da na sa ranar aurenki, wadda ta daɗe da ƙin shiga ta, ran nan na zura ta har da saura. Kuma ban rage cin komai ba, ci ma nake kamar gara. Ke da kike auna kowace loma, ki zo ki ga ikon Allah.

Sai 'yar ƙuna da na samu. Gwangwanin burodi ne ya suɓuce daga tanderu ya faɗo min a ƙafa, ban ma ji ba sai da abokiyar aikina ta nuna min. Na shafa mai na ɗaure. Kada ki karanta wa Baba wannan wurin. Ba don kada ya damu ba, don kada in ji labarin bai damu ba.

Ki shafa min kan yara. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Yaya

*

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Baba yana amsawa, yara suna gaishe ki.

Da farko ki yi haƙuri, na karanta masa duka. Kin san Baba, tunda kunne ya yi nauyi bakina yake kallo, idan na tsallake layi nan take yake ganewa ya ce in koma baya. Maganar safa kuma mantuwa ce kawai, yana sawa, da ƙyar ma yake bari a wanke ta.

Yaya, ki natsu ki karanta abin da zan faɗa miki. Ina karatu yana dariyar sunan da suka raɗa miki, har na zo wurin jarkar ruwa. Sai ya ɗaga hannu ya ce, "Maimaita." Na maimaita. Da na zo wurin riga ya daina dariya. Da na zo wurin ƙunar da ba ki ji zafinta ba, sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce, "Haka Baffanku ya fara. Ƙusa ya taka a shago, ya wuni da ita a takalmi bai sani ba."

Ni ba likita ba ce, malamar makaranta ce, amma na daɗe ina zirga-zirgar asibiti da Baba, na ji an faɗa har na gaji. Yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama ba dalili alhali mutum yana ci, ciwon da ba a jin zafinsa ko ya ƙi warkewa, duk alamunsa ne. Ke kuma kin jero su a takarda ɗaya kina murna. Mai yiwuwa zafin tanderu ne kamar yadda kika ce, Allah ya sa haka. Amma gwaji ne kaɗai zai raba gardama.

Baba ya ce in yi miki tambaya biyu. Na ji nauyin ta biyun, amma ya tsare ni sai da ya ga na rubuta. Idonki yana yin hazo-hazo? Kuma kina ganin kiyashi suna taruwa a banɗaki bayan kin fito?

Don Allah ki je asibiti mafi kusa da ke, da sassafe, kada ki ci komai kafin ki je. Ki nuna musu ƙafar ma. Ba wani abu ba ne, ni da na saba ko cizon sauro bai kai ba a wurina. Idan kina jin tsoro ki faɗa min, zan nemi izini a makaranta in zo in raka ki.

Muna jiran amsarki. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ƙanwarki mai biyayya,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Kowa lafiya. A gaida Baba.

Sannu Likita. Wato har kin auna ni daga nesa kin rubuta min magani. "Ni da na saba." Ai dole ki saba, ke da aka raina a kan bencin asibiti kamar 'yar nas. Kuma wa ya ce miki tsoro nake ji? Ni da nake zura hannu cikin tanderu kullum, tsinken allura ne zai ba ni tsoro? Ki zauna ki koyar da 'ya'yan mutane, ba na neman 'yar rakiya.

Bari in amsa tambayoyin, kada a ce na raina Baba. Kiyashi akwai su. A gidan burodi nake aiki, Auta, sukari a ƙafata, sukari a bakin zanena, har cikin gashina, kiyashi ba su bi ni ba wa za su bi? Ido kuma e, yana ɗan yin hazo da rana. Ran nan ina rubuta suna a kan kek na ga layin ya rabu biyu, sai da na goge na sake. Tururi ne da shekaru. Ƙafa tana nan, ta ɗan yi ruwa, takalmina ya matse ni na koma sa silifas ɗin maigidana. Shi ma ya ishe ni da maganar asibiti, kamar kun haɗa baki.

Amma tunda kin taɓo ni bari in amayar miki da abin da ke cikina. Kin tuna idan baƙi suka kawo mana alewa muna yara? Ba za ki tuna yadda na tuna ba. Baba ya kan karɓe taki ya haɗa da tawa ya danƙa min, ya ce, "Ungo, je ki bayan gida ki sha, kada Uwata ta gani." Sai ya ɗora ki a cinya yana yanka miki kokwamba yana ba ki labari. Ni kuma ina zaune a kan bulo a bayan gida, hannu biyu cike da alewa, ina jiyo dariyarku ta taga. Kowa cewa yake na more. Wallahi alewar nan ba ta da daɗi, haɗiye ta kawai nake yi don in gama in dawo, in na dawo kuma an gama labarin.

Haka aka yi ta yi har muka girma. Ke a hana ki, a tsare ki, a tambayi me kika ci. Ni in ci duwatsu ma ba mai tambaya. Da zan tafi wannan gari aiki, Baba cewa ya yi, "Ke ba na jin ki, jikin uwarki gare ki." Na yi ta juya maganar nan a mota, ban san yabo ba ce ko sallama.

To yanzu da girmana, da furfurata ta fara leƙowa, za a ce in zo in karɓi ciwon. Cinyar taki, labarin naki, sunan Uwata naki, ni kuma a ba ni sukarin? Ban karɓa ba. Ba ni da wushirya. Goggo ma ƙanwarsu Baba ba ta da ita, ta yi rayuwarta ta koma ga Allah ba ta san wani sukari ba.

Kuma bari in tambaye ki tsakani da Allah. Anya Baba ya cire hular nan kuwa, ko ke kika ƙara gishiri don in ji daɗi in tafi? Duk abin da na sani game da shi ta bakinki yake fitowa. Ni ban taɓa ganin Baba ya cire hula saboda ni ba.

Ba inda za ni. Ki gaida yara.

Yayarki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki, amma yau ba zan yi dogon ladabi ba, don kin kai ni bango.

Ni kike cewa na ƙara gishiri? To ki saurara. Tun ranar da na karanta masa takardarki Baba ya shiga yaji. Da safe na ɗauko na'urar awo da auduga kamar kullum na ce ya kawo yatsa, sai ya naɗe hannayensa cikin riga ya juya fuska bango. Ya ce ba mai ƙara huda shi sai an huda ki. Na roƙe shi, maigidana ya roƙe shi, maƙwabcinmu abokin hirarsa ya zo ya yi magana, ya yi ƙememe. Magani yana sha, amma ba awo ban san inda muke ba, ko ya hau ko ya sauka. Jiya na ga yana gumi yana rawar hannu, na rasa abinci zan ba shi ko hana shi zan yi. Idan wani abu ya same shi, ki san da hannunki a ciki.

Kuma tunda yau ranar amai ce, ni ma ga nawa. Kina bayan gida kina jiyo dariyarmu, ni ina kan cinya ina jiyo ƙarar ledar alewarki. Kin san sau nawa na tsinci ledar da kika yar na lashe a ɓoye? Kokwamba, Yaya! Har yau in na ji ƙanshinta raina ɓaci yake. Ke kika je yawon makaranta, ni aka ce kada in gaji. Ke kika koyi keke, ni aka ce kada in faɗi in ji ciwo ya ƙi warkewa. Ke kika tafi wani gari kika koyi sana'ar da kike so, kina dawowa da ƙanshin bota a jikinki kina ba mu labarin duniya. Ni ko aure sai da aka zaɓi wanda ya yarda Baba ya zauna tare da mu. Tun ban san ma'anar ciwo ba ake kallona kamar wadda aka yi wa alƙawarinsa. Duk gwajin da kike jin haushi, ni kwana nake ban runtsa ba kafin a yi shi. Na ce miki cizon sauro ne don ki je, ƙarya nake, har yau gabana faɗuwa yake.

Kina kishin cinya, ni ina kishin ƙofar da aka bar miki a buɗe. Shekara da shekaru ni ke huda yatsan nan, ni ke dafa masa abinci daban, ni ke duba tsakanin yatsun ƙafarsa da tocila. Bai taɓa yin yaji saboda ni ba. Ke daga takarda ɗaya ya juya min baya.

Maganar Goggo kuma, na karanta masa, sai ya yi tsaki ya ce, "Wa ya taɓa auna ta?" Yaya, ba a taɓa auna Goggo ba, ko sau ɗaya, saboda ba ta da wushirya. Ki tuna butar ruwan da take kwana da ita a gefen filo. Ki tuna yadda ta rame muka ce azumi ne ya yi mata yawa, yadda idonta ya tafi muka ce tsufa ne, alhali Baba ya girme ta. Ni ban ce shi ne ya kashe ta ba, Allah ne masani. Amma ba za ki kafa min hujja da matar da ba a taɓa dubawa ba.

Kin ga dama ki je, kin ga dama ki zauna ƙafar ta ruɓe. Sandar Baffa tana nan a bayan ƙofa, ba wanda ya ɗauka. Allah ya huci zuciyarki, ni tawa ba ta huce ba tukuna.

Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, gaisuwa ta gaske wannan karon. Kafin ki ci gaba da karatu, ki ajiye takardar nan ki je ki ce wa dattijon nan ya fito da hannunsa daga riga. An huda ni. Har sau biyu ma.

Ashe kina da baki haka? Na karanta takardarki na yi ta huci, na ce yarinyar nan ni za ta yi wa gorin sandar Baffa. Na sake karantawa, na tsaya a wurin ledar alewa, sai na ji kunya ta rufe ni. Amma kada in yi miki ƙarya, wurin da na fi maimaitawa shi ne wurin yajin Baba. Na karanta shi a tsaye, na karanta shi a zaune, har na karanta wa maigidana. Ya ce, "Ke yanzu murna kike tsoho ya ƙi awo?" Na ce ya rufe min baki, amma gaskiyarsa.

Washegari na ce bari in leƙa wurin aiki in haɗa musu kwaɓin farko sannan in wuce asibiti. Na isa, na bi layi, nas ta ce, "Kin ci wani abu yau?" Na ce ko ruwan shayi ban sha ba. Ta dubi bakin mayafina ta ga fulawa, ta ce, "Aikin me kike?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ba ki ɗanɗana komai ba?" Na ce a'a, ɗanɗane dai na yi, kwaɓin burodi, da na kek, da sukarin ado na kek biyu, da gutsuren wanda ya fara fitowa don in ji ko ya gasu. Ta ajiye biro ta ce, "Baiwar Allah, wannan ai kin karya kumallo har kin yi ƙari." Na ce mata a aikinmu ɗanɗane ba ci ba ne. Wallahi Auta ban taɓa lissafa shi cikin abinci ba, kuma haka nake yi tun safe har yamma tun da na fara aikin nan.

Duk da haka ta huda ni. Ta dubi na'urar, ta dube ni, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ce in kwance ƙafar. Da ta ga ciwon sai ta kama hannuna ta tsallake layi da ni zuwa wurin likita.

Likitan ya ce, "Akwai mai ciwon sukari a danginku?" Na ce kakata, da ƙanin mahaifina, da mahaifina, wataƙila da ƙanwarsu. Ya ce, "To me kika tsaya jira?" Na ce ai ni ba ni da wushirya, har na buɗe baki na nuna masa. Sai da na yi masa bayanin dokar gidanmu. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari, sannan ya ce shi dai a karatunsa bai ga inda ciwon nan yake duba haƙoran mutum kafin ya shiga ba, duk ɗan da mai ciwon ya haifa ya kamata a riƙa dubawa. Aka wanke ciwon, na ga taurari, ashe ƙasansa da sauran rai. Ya ce in dawo da safe ciki ba komai, kuma kada in bi ta gidan burodi.

Na koma, aka ɗebi jini. Ina da shi, Auta. Ya ce ya daɗe a jikina. Ƙafar ya ce an tare ta da wuri, za ta warke in na kiyaye, amma da na ƙara ja da wata magana ake yi. An ba ni magani, an hana ni tsayuwa, an mayar da ni teburin naɗe burodi a zaune. Abokiyar aikina ce ke yi min ɗanɗane yanzu, harshenta kuwa kamar katako, komai cewa take ya yi.

A motar dawowa na yi kuka, na rufe fuska da mayafi. Na tuna Baffa yana jan sanda, na tuna Goggo tana laluben bango, na tuna yarana. Tsoro nake ji, yanzu na faɗa. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin kukan, Allah ya yafe min, ke kaɗai zan iya faɗa wa. Lokacin da likita yake rubutu ya ce, "Wannan daga wurin mahaifinki kika ɗauko," sai na ji wani sanyi a raina. Ban taɓa jin wani ya ce na ɗauko komai daga Baba ba. Ke kin kwashe wushirya da yatsu da tafiya, duk abin da ake gani. Ashe jinin ni ya bar wa. Ina hawaye ina murmushi, har matar da ke gefena ta matsa.

Ki karanta masa duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya, musamman na ƙarshen nan. Ki kuma kai yaranki a duba su in sun girma, masu wushirya da marasa ita, ni ma zan kai nawa.

Ki yafe min maganar gishiri. Allah ya saka miki da alheri.

Taki har kullum,
Yaya

*

Zuwa ga 'yata ta fari,

Assalamu alaikum. Ni ne da hannuna, ba Auta ba, ga rubutun nan ya karkace ya shaida.

Na ba da yatsa an huda. Ya ɗan hau, ya sauka.

Ki ji. Kada ki taka ƙasa ba takalmi, ko a ɗaki. Ki sami ƙaramin madubi ki riƙa duba tafin ƙafa. In za a huda ki, a gefen yatsa, ba a tsakiya ba, ke mai kwaɓi ce, tsakiya za ta dame ki wurin aiki. Sauran ba za su rubutu ba, sai na zo. Ki gyara min ɗakin yaran, ki ajiye kujera biyu inda rana ke fitowa. Ni zan huda miki, ke ki huda min.

Safarki tana ƙafata.

Allah ya yi miki albarka, ya ba mu lafiya ni da ke.

Mahaifinki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Da fatan ƙafa tana sauƙi.

Baba ya taso, direban da zai ba ki wannan takarda shi ya ɗauko shi. Maganinsa yana cikin jakar hannu, na safe daban na dare daban. Ya tafi da na'urar, da madubinsa, da sabuwar safa da ya sa aka sayo miki. Hular da na saƙa masa tana nan rataye a ƙusa, ya ce garinku zafi.

Na ce zan raka shi, ya ce in zauna, ni lafiyata ƙalau, ba ya ji na. Da zai shiga mota sai ya laluba aljihu ya ciro alewa guda, ya danƙa min ya ce, "Ungo Uwata, sha abinki."

Na koma ciki, gidan shiru, na ɗauko auduga na ga ba yatsan da zan goge. Sai na zagaya bayan gida na zauna a kan bulo na ɓare ta. Gaskiyarki, ba ta da daɗi.

Ki kula da ƙafarki, ki kula da tasa. Kuma aro na ba ki, ki dawo min da shi.

Ƙanwarki,
Auta